Amsoshin Tambayoyinku: Gasar Kofin Nahiyar Afirka

Tambaya: Don Allah yaushe aka fara gasar cin kofin nahiyar Afirka, kuma me ya hana Najeriya zuwa ta 1996? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malam, an fara ta ne a 1957 a Khartoum. Ƙasashe uku kacal suka buga: Masar, Sudan da Habasha. An cire Afirka ta Kudu saboda ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙaƙe da fararen fata. A wasan ƙarshe Masar ta lallasa Habasha 4-0, ɗan wasan Masar Ad-Diba shi kaɗai ya zura dukkan ƙwallayen.

Batun 1996 kuwa, har yau yana ci mana rai. Najeriya ce ke riƙe da kofin, wanda ta ɗauka a Tunisiya a 1994, ga su Okocha da Amokachi suna kan ganiyarsu. Sai gwamnatin Abacha ta hana su tafiya Afirka ta Kudu, inda aka yi gasar, bayan Mandela ya yi tir da rataye marubuci ɗan fafutuka Ken Saro-Wiwa da gwamnatin ta yi a Nuwamban 1995. Dole aka yi gasar da ƙasashe 15 maimakon 16, sannan hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta haramta wa Najeriya shiga ta 1998.