Bututun ruwa na yoyo a ƙarƙashin ƙasa: faci ko canji?

Malam, ka ce tsakar gidanka kullum a jiƙe, kana tambayar ko faci za a yi ko a canza bututun. Da dare ka rufe duk famfuna, ka sa alama a tanki. In ruwan ya sauka da safe, yoyo ne. In bututun roba ne, wato PVC, a haƙa wurin, a yanke inda ya fashe, a haɗa da gam da soket, wato ɗan guntun bututun da ke haɗa biyu. Amma tsohon na ƙarfe, tsatsa ta riga ta cinye shi, faci asarar kuɗi ne, yau nan gobe can. A shimfiɗa sabo, zurfin kamar santimita 60, yashi ƙasa da sama, nesa da shadda. Kada a binne sai an saki ruwa an duba mahaɗa.