Alhaji, ka ɗauki manhajar AI magatakarda, amma farashi ya tsaya a bakinka

Wani Alhaji daga Aboabo, nan Kumasi, ya aiko mini da tambaya. Shekara 18 ke nan yana aikin wayarin na gidaje da gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana da masta 2 da yara masu koyon aiki 5. Ya ce wayarsa ba ta hutawa: yana kan tsani ana kira, in ya sauko ya tarar saƙonnin WhatsApp sun taru, wasu sai dare yake amsawa, lokacin mai aikin ya riga ya kira wani. Ɗansa da ke karatu a jami'ar KNUST ya ba shi shawara ya ɗauki manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, ta riƙa amsa wa kwastomomi, ta yanke farashi, ta raba wa yara aiki, ta bi masa bashi. Har wani ya yi masa tayin haɗa masa ita, a riƙa biya duk wata da dala. Tambayarsa ita ce: ya saki jiki ya miƙa mata ragamar aikin, ko kuwa wannan harkar manyan kamfanoni ce?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaronka bai yi kuskure ba, sai dai ya zuba abubuwa huɗu a buhu ɗaya alhali ba nauyinsu ɗaya ba. Amsa saƙo da tsara takarda aikin magatakarda ne, wannan kam manhaja ta iya shi, ta ma fi yawancinmu sauri. Yanke farashi da ɗaukar alkawari kuwa aikin maigida ne, kuma a nan nake so mu daɗe.

Ka fara sanin yadda abin yake aiki. ChatGPT, wadda ta fito a watan Nuwamba na 2022, da Gemini ta kamfanin Google, da Meta AI da ka fara gani a cikin WhatsApp ɗinka tun 2024, duk tushensu ɗaya ne. An ciyar da su rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, suka koyi yadda magana ke bin magana. Shi ya sa in ka ce ta rubuta maka wasiƙa, za ta rubuta tsaf. Amma in ka tambaye ta abin da ba ta sani ba, ba kasafai take yin shiru ba. Sai ta kawo maka abin da ya yi kama da amsa, da irin muryar da take faɗin gaskiya. Nawa ake sayar da nadin waya mai kauri 2.5 a shagunan Adum yau da safe? Ba ta je ba. Kai ka je. Kuma ka tuna abin da muka gani a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, ɗan kwangila ya yi ƙiyasi ranar Litinin, kafin Juma'a kuɗin kayan ya cinye ladan aikinsa. Farashin da ke kan manhaja farashin jiya ne, sai fa in kai ka zuba mata na yau da hannunka.

Akwai kuma wani abu namu na nan Gana da babu wanda ya rubuta mata. Tun watan Yuli na 2007 aka canza kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har yau dattawa da 'yan kasuwa da yawa da tsohon lissafi suke magana. In Hajiya ta ce maka "miliyan biyar zan iya biya", kai ka san sidi 500 take nufi. Na ga wannan da idona a wayar wani mai gyaran famfo da nake ba shawara. Ya tura wa manhaja saƙon wata dattijuwa don ta tsara masa rasit, ta rubuta sidi 5,000,000 da sifilinta shida reras, a ƙasa ta ƙara da godiya. Allah ya sa ya duba kafin ya tura. Ya gyara, ya koya mata cewa duk inda ta ga miliyan a bakin kwastoma ta tsaya ta tambaye shi, tun daga ranar kuma ba ta sake ba. Ka ga ke nan tana koyo in an faɗa mata, amma sai da idon mutum ya kama kuskuren farko.

Kada kuma ka ɗauka cewa in ta yi kuskure za ka ce ba kai ba ne, na'ura ce. A ƙasar Kanada an yi wannan shari'ar. Manhajar da ke amsa tambayoyi a shafin kamfanin jiragen Air Canada ta gaya wa wani fasinja da aka yi wa rasuwa cewa zai iya neman rangwamen tikiti bayan ya yi tafiyar, alhali dokar kamfanin ba haka ta ce ba. Kamfanin ya nemi ya zame, amma a watan Fabrairu na 2024 kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia ta ce abin da manhajarka ta faɗa kai ka faɗa, ta sa ya biya. Kai ba ma sai an je kotu ba. In saƙo ya fita daga lambarka cewa za a haɗa na'ura a kan sidi kaza, gobe da ƙarfe 9, to Alhaji ne ya faɗa, haka za a ba da labari a masallaci da wurin suna. Magana zarar bunu ce. Sunan da ka yi shekara 18 kana ginawa a Zango ya fi duk kayan aikin da ke shagonka tsada.

Saboda haka ƙa'idata a kan farashi guda ce: ta rubuta, kai ka duba, kai ka tura. Ayyukan da farashinsu ba ya motsi, kamar wankin na'urar sanyaya ɗaki ko kuɗin zuwa duba aiki, za ka iya barinta ta faɗa kai tsaye, in dai daga jerin da ka rubuta mata take ɗaukowa. Duk aikin da sai an je an ga bango, an buɗe akwatin fis, an duba ko tsohon wayarin ya ƙone, amsarta ta tsaya a "za mu zo mu duba". Gani ya kori ji.

To me za ka ba ta? Da yawa. Saƙon da ya shigo kana kan tsani, ta amsa da sallama, ta tambayi unguwa, da abin da ya lalace, da hoton na'urar, da adireshin GhanaPostGPS, tsarin lambar adireshi na ƙasa wanda aka ƙaddamar tun 2017 amma yawancinmu har yanzu "bayan gidan mai, kusa da mai sayar da waake" muke kwatance. Kafin ka sauko, bayanin yana jiranka a tsare. Wannan kaɗai zai dawo maka da ayyukan da ke kuɓucewa, domin mai neman mai gyara ba kullum mafi araha yake bi ba, sau da yawa wanda ya fara amsa masa ne. Da yamma masta ya faɗa mata abin da aka yi da kayan da aka sa, ta mai da shi takardar aiki. Ta tsara maka ƙiyasi mai kyan gani, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, da kafin alƙalami, da layin da ke cewa wannan farashi na kwana 7 ne. Ta riƙe maka sunayen waɗanda ka haɗa wa na'ura, in hunturu ya wuce ya cika su da ƙura ta tuna maka ka tuntuɓe su wanki. Wannan kuɗi ne da ke kwance a tsofaffin kwastomominka, mantuwa kawai ke hana ka ɗauka.

Sai dai ka gwada ta da irin saƙonnin da ake aiko maka da gaske. Kwastomanka zai yi maka saƙon murya ya fara da Hausa, ya shiga Twi, ya ƙarasa da Turancin kasuwa. Waɗannan manhajoji sun fi ƙarfi a Turanci. Hausar da suka fi sani ta rubutu ce, irin ta Kano da gidajen rediyo, ba tamu ta Zango ba. Ka ɗauki tsofaffin saƙonni 20 daga wayarka, ka cire sunaye da lambobi, ka ba ta, ka ƙirga nawa ta fahimta daidai.

Batun raba wa yara aiki, ta iya jera maka wa ke kusa da wa, kada a tura mutum Santasi da safe a dawo da shi Tafo da hantsi. Amma ba ta san yaranka ba. Ba ta san wane ne za ka iya turawa gidan da maigida ba ya nan sai iyali ba. Ba ta san wanda hannunsa bai nuna ba tukuna. Kuma akwai doka: ƙa'idar wayarin ta 2011, wadda ake kira L.I. 2008, ta ce aikin wayarin sai wanda ke da takardar shaidar Hukumar Makamashi. In manhaja ta ga yaro ba shi da aiki ta tura shi shi kaɗai, wuta ta tashi a gidan mutane, kai za a nema. Ta kawo shawara da safe, kai ko babban masta ku ce e ko a'a.

Bin bashi ma haka. Kamfani ko makaranta da suka riƙe maka kuɗi, ta rubuta musu tunatarwa cikin ladabi, ka duba ka tura. Amma mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci, wanda ka san an yi masa rasuwa makon jiya, wannan ba a aika masa saƙon na'ura. Ƙafa ake takawa, a yi gaisuwa, maganar kuɗi ta jira lokacinta.

Abu ɗaya kuma ban yarda a yi sassauci a kansa ba: kada ka ba kowace manhaja, ko mai haɗa maka ita, lambar sirrin MoMo ɗinka, wato asusun kuɗinka na waya. Hoton saƙon "an tura" ba shaida ba ne. Sai ka ga kuɗin a asusunka kafin yaro ya bar kaya. Ka kuma yi hankali da ita a kan haraji. Harajin E-Levy kaɗai, na tura kuɗi ta waya, ya fara da kashi 1.5 a watan Mayu na 2022, ya sauka zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a Afrilu na 2025. Manhajar da ta koyi tsohon bayani za ta iya ɗora maka abin da babu shi. Lissafin haraji ka kai wa akanta ko ofishin hukumar haraji ta GRA. Hotunan cikin gidajen mutane da adireshinsu kuwa amana ce, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2012, Act 843, a kansu. Kada yaranka su riƙa loda hoton katin shaidar ɗan ƙasa, Ghana Card, na kwastoma a manhaja don kawai ta cike musu takarda.

Mai tayin biyan dala, ka ce masa ya dakata wata ɗaya. WhatsApp Business kyauta ce, tana da saƙon maraba, da amsoshin da ake ajiyewa, da alamar da za ka liƙa wa kowane kwastoma: sabon aiki, ana jiran kaya, bai biya ba. Ka haɗa ta da ɗaya daga manhajojin nan na kyauta ku gwada. Ko ta biya ka koma, ChatGPT Plus dala 20 ce a wata, sai ka auna tayinsa da wannan. In ya dawo, ka tambaye shi da sunan wa lambar wayar za ta kasance, ko za ka iya kwashe jerin kwastomominka ranar da kuka rabu, ko akwai wurin da saƙo zai tsaya sai ka amince kafin ya fita, kuma ko zai yarda a ƙulla farashin da sidi. In ya yi ta kewaye-kewaye a kan lambar waya, ka bar shi, domin wannan lambar ita ce shagonka na gaskiya.

Ka kuma naɗa mutum ɗaya da zai riƙa dubawa. Yaronka yana makaranta, lokacin jarrabawa ba za ka gan shi ba, don haka ya koya wa babban masta ko kai kanka. Bayan sallar isha'i, minti 15, a karanta duk abin da ta tura a ranar. Kuskuren da aka gani a rubuta mata gyaransa nan take.

Aikin wannan makon ba na waya ba ne. Ka sayi littafi, ku zauna kai da yaronka da babban masta ranar Lahadi, ku rubuta ayyuka 20 da kuka fi yi, da ladan kowanne, da unguwannin da kuke zuwa da kuɗin mota, da abin da ba ku yi sam. A bayan littafin kuma ka fara jan layi ɗaya duk lokacin da aiki ya kuɓuce maka saboda ba ka amsa da wuri ba. In wata ya cika ka aiko mini da adadin layukan da matsakaicin ribar aiki ɗaya, mu lissafa tare ko tayin nan ya cancanci kuɗinsa.