Tayar tsere don hawan yau da kullum a Damagaram?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka sa wa motarka tayar tseren miƙaƙƙen layi, irin Nitto NT555RII, ka riƙa shiga gari da ita kullum. Ni dai ban ba ka shawara ba.

Robarta taushi gare ta, don ta manne wa kwalta lokacin tashi aka yi ta. Zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, zai cinye ta da wuri. Zanenta ba zurfi, in damina ta sauka ruwa ya kwanta a hanyar Maraɗi, santsi kawai za ta yi. Gefenta ma laushi ne, tana lilo a kwana, ga ramuka.

Duba lambar lalacewa a jikinta, wadda ke nuna ƙarkon taya (mai babbar lamba ta fi daɗewa): 100 ce, ta Michelin Pilot Sport 4S kuwa 300. Sayi ta Michelin ɗin, ka auna iska da sassafe kafin taya ta yi zafi.