Amsa ga mai tambaya kan ƙaninsa da ke jin muryoyi

Malam, ka ce ƙaninka ya fara jin ana kiran sunansa da dare alhali babu kowa, kana tambaya ko aljanu ne. Lokacin da na yi jinyar wata 'yar'uwata, muryar ba ta zo mata kamar tunani ba. Tana jin ta sarai daga bayan ƙofa, har ta riƙa ƙure rediyo domin ta danne ta. Da farko raɗa ce, daga baya ta koma zagi da umarni. Shi ya sa yi wa ƙaninka musu ba ya amfani, ɗaure shi ko dukansa kuwa cutarwa ce tsantsa. Ka tambaye shi cikin natsuwa abin da muryar take cewa.

Zazzaɓi mai tsanani, wiwi da rashin barci na kwanaki duk suna iya jawo haka, don haka likita ne zai tantance, kuma addu'ar da kuke yi ba za ta hana ku zuwa asibiti ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware (jihar Sakkwato) da Maiduguri. Idan muryar tana umartarsa ya cutar da kansa ko wani, ku kai shi yau ɗin nan.