Lambar tsohon babur a Ingila: in sallama ko in dakata?

Wani ɗan'uwa da ke Landan, wanda sana'arsa sayen motoci da babura na hannu yana turawa gida, ya aiko da wannan tambaya: "Na sayi tsohon babur ƙirar BSA Bantam na shekarun 1950 a gwanjo a kan fam 900. Lambarsa harafi biyu ce da alƙaluma uku. Wani Bature ya ce lambar kaɗai yake so, ya taya fam 3,000. In sallama masa? Kuma yaya ake raba lamba da babur?"

Alhaji, kada ka sallama tukuna, kada ma ka karɓi kafin alƙalami. Har yanzu ba ka tabbatar kana da abin sayarwa ba.

Baturen nan ba don Allah ya zo ba, ya san abin da ya gani. Tun 1904 ake sa wa ababen hawa lamba a Birtaniya, amma sai a 1963 aka fara ƙara harafin da ke nuna shekarar rajista. Lambobin da aka bayar kafin nan ba sa tona shekarun abin hawa. Dokar ƙasar kuma ta hana a sa wa mota lambar da za ta nuna ta fi ainihin shekarunta sabunta, don haka lamba irin taka tana hawa kowace mota, tsohuwa ko sabuwa fil. Ga ta gajera. Idan haruffan suka yi daidai da farkon sunan wani mai kuɗi, farashi ya tashi ke nan. A 2014 an sayar da lamba "25 O" a gwanjon DVLA, hukumar rajistar ababen hawa ta Birtaniya, a kan sama da fam 500,000, a Dubai kuwa "P 7" ta kai dirhami miliyan 55 a 2023. Taka ba za ta kai ko kusa ba, amma wannan ya isa ya nuna maka cewa tayin mutum ɗaya ba shi ne farashin kasuwa ba.

Ɗauko takardar rajistar babur ɗin, V5C, ka karanta bayanan da ke shafin farko. Idan ka ga an rubuta "non-transferable", magana ta ƙare, lambar ba ta barin jikin babur ɗin. Wannan ya yi yawa a tsofaffin babura. Wasu an riga an cire musu lambar asali tun tuni an ba su madadi, madadin kuma ba ya sayuwa. Wasu kuma ba a shigar da su kwamfutar hukuma ba kafin a rufe ƙofa a 1983, daga baya aka dawo musu da lambarsu ta hanyar fom V765, bisa sharaɗin ba za a sayar da ita ba. Idan gwanjon bai ba ka V5C ba sam, to akwai alamar babur ɗinka yana cikin waɗanda ba a shigar da su kwamfutar ba.

In takarda ta fita lafiya, saura sharuɗɗan DVLA, kuma a nan yawanci ake tuntuɓe. Dole babur ɗin ya tashi ya yi tafiya da injinsa, kuma ya kasance a shirye in sun ce za su zo dubawa. Dole a shekaru 5 da suka wuce, ba yankewa, ya kasance ko ana biya masa harajin hanya ko an sanar da hukuma cewa a ajiye yake, sanarwar da ake kira SORN. In ya haura shekaru 5 a ajiye, sai an sabunta harajinsa an kai shi gwajin lafiya na MOT. Babur da ya wuce shekara 40 an yafe masa wannan gwajin don hawa titi, amma don cire lamba ba a yafe ba. Saboda haka ka kai wa makanike ya faɗa maka nawa birki, taya, fitila da inji za su ci, ka rubuta a gefen kashewa.

Cirewar kanta ba wuya. Ka bari V5C ta dawo da sunanka, sannan ka cike fom V317 ko ka yi ta intanet, ka biya fam 80. Za su aiko maka da takardar V778 mai riƙe maka lambar shekara 10, kuma ana sabunta ta. Wannan takardar ita ce hajarka. Farantin da ke bayan babur ɗin ba shi da wata daraja. Kada ka tura hoton V778 ko na V5C ga kowa ta WhatsApp, kada ka sa a talla. Da lambobin da ke jikinsu wani zai ɗora lambar a motarsa kana zaune. Sai kuɗi sun shiga asusunka, ka gani da idonka, sannan ka miƙa.

Tunda kai mai tura kaya gida ne, kula da jerin aikin. Ranar da babur ya shiga kwantena aka sanar da hukuma ya bar ƙasar, ko aka kai shi wurin 'yan gwangwan, damar cire lambar ta tafi. Haka in ka sayar da shi da lambar a jiki: ta zama ta mai saye. V778 ta shigo hannunka kafin komai ya motsa.

Sai lissafi. Masu tara tsofaffin babura suna son lambar asali, kuma suna rage kuɗi in an cire ta. Amma Bantam babur ne na talaka da aka yi da yawa daga 1948 zuwa 1971, ba ya tsada ainun, don haka a ganina asarar da zai yi ba za ta kai abin da lambar za ta kawo ba. Da babur ne mai tsada irin Vincent ko Brough Superior da na ce ka bar masa lambarsa. Nemi ƙiyasi daga dillalan lamba biyu ko uku, yawancinsu kyauta suke yi. Ka tambayi kowanne abu biyu: nawa zai biya ka yau kuɗi hannu, nawa kuma zai sa ta a kasuwa in ka yarda da la'ada. Na farkon zai yi ƙasa sosai, na biyun kuma yana iya ɗaukar watanni, kuɗinka a kwance. Farashin da ke shafukansu na nema ne. Ka duba sakamakon gwanjon DVLA don ganin abin da mutane suka biya da gaske.

In ƙiyasin dillalai na kuɗi hannu bai wuce tayin Baturen ba, koma masa, ka nemi ƙari, fam 80 ɗin ma ya ɗauka. Ka sanar da kamfanin inshora sabuwar lambar da DVLA za ta ba babur ɗin a madadin wadda ka cire, ka kuma gaya wa akantanka, domin ribar sayar da lamba tana shiga lissafin haraji.