Asalin Jibda da Miski

Ɗana, jiya muna rufe shago a kasuwar Gombe ka ce, "Maigida, wai da gaske daga kusa da al'aurar dabba ake kwaso jibda?" Na ga har kana yamutsa fuska. Gaskiya ne. Zauna ka ji.

Tunkun jibda, wannan mai yawon dare a dazukanmu, yana da 'yar jaka tsakanin dubura da al'aura. Abin da ke ciki ba fitsari ba ne, ba kuma kashi ba. Fatar cikin jakar ce ke tsattsafo da wani maiƙo mai kauri kamar man shanu, in ya sha iska ya yi duhu. Namiji da mace duk suna da ita, amma ta namiji ta fi girma. Sai ya ɗaga wutsiya, ya ja da baya, ya goga a kututture ko dutsen da ke bakin hanyarsa. Duk ɗan'uwansa da ya biyo ta nan, yana sansanawa ya san an riga shi, wurin da mai shi. Allah ya yi maiƙon nan da nauyi don saƙon ya jure rana da raɓa, ya daɗe bai gushe ba.

To wannan nauyin muke nema. Ƙamshin fure tashi yake da wuri, jibda ce ke riƙe shi a jikin tufa, kamar yadda farce, wato marfin katantanwar teku da ake sa wa turare, ke yi wa humra. Ɗanyarta wari gare ta mai hawa kai. Sai an tsinka ta ƙwarai take juyewa ta yi daɗi, shi ya sa nake hana ka sakin hannu. Kan tsinke ya isa kwalba guda.

A Habasha aka fi tara ta. Suna kiwon mazan a keji, su kankare jakar da ɗan cokali, su adana a ƙahon sa.

Miski kuwa na wata ƙaramar barewa ce ta duwatsun Himalaya da Sin da Siberiya. Namiji kaɗai ke da jakar, tsakanin cibiya da gabansa, da ita yake jan hankalin mace lokacin barbara. Abin da ke ciki kamar giram 25 ne, a kansa mafarauta suka kashe barewar nan har ta yi ƙaranci. Abin yana taɓa ni, domin miski ne Annabi (SAW) ya kira mafi daɗin turare.

A 1926 wani masani a Suwizalan, Ruzicka, ya gano yadda sinadarin ƙamshin jibda da na miski suke a ginin su, daga nan hanyar haɗa su a masana'anta ta buɗe. Farin miskin da ke kan kantarmu irin wannan ne. In mai saye ya tambaye ka, faɗa masa na haɗi ne, kada ka rantse masa da barewa.

Gobe ka zo da tsinke da kwalabe biyu, in nuna maka da hancinka.