Amsoshin Tambayoyinku: Shirin Kisan Sansanin Redwood, a Saya ko a Bari?

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan makon, duka a kan abu ɗaya: zango na tara na shirin ban tsoro na Amurka mai suna American Horror Story, wanda aka yi wa laƙabi da 1984.

Tambaya: Abokaina sun ishe ni da labarin wannan shirin. Sai na kalli zango takwas na baya kafin in gane wannan? Data ta yi tsada, ba na son in zubar da kuɗina a banza. (Wani ɗalibi daga Kaduna)

Amsa: A'a ƙanena, ba sai ka kalli na baya ba. Kowane zango na wannan shirin labarinsa daban, mutanensa daban, ko da yake wasu 'yan wasan sukan dawo a wata rawar. Tashar FX ce ta fara haska wannan a ranar 18 ga Satumban 2019, kashi 9 ne, kowanne wajen minti 40. Ka ga ke nan sa'o'i shida da 'yan kai za ka biya wa kuɗi.

Ga abin da ke ciki. A Amurka iyaye kan tura yara wani sansani a daji, gefen tafki, su yi makonni a lokacin dogon hutun makaranta, ƙarƙashin kulawar matasa da aka ɗauka aiki. A labarin, wasu samari da 'yan mata sun bar birnin Los Angeles a 1984, ana tsakiyar hayaniyar gasar Olamfik, suka tafi aikin kula da yara a Sansanin Redwood. Sai da suka isa sansanin suka san cewa a 1970 an yi wa mutane kisan gilla a wurin, an yanke wa gawarwakin kunnuwa. Wanda aka ɗora wa laifin, mai sharar sansanin da ake kira Mista Jingles saboda ƙarar makullan da ke rataye a jikinsa, ya tsere daga asibitin masu taɓin hankali yana hanyar dawowa.

Wannan ƙarar makullan ita ce abin da ya fi tsaya mini a rai. Dare ya tsala, mutum ya laɓe a bayan ƙofa yana riƙe numfashi, ba ya ganin kowa, sai kacau-kacau daga cikin duhu, tana matsowa a hankali. A nan masu shirin sun nuna gwaninta. Kashi biyar na farko kusan duk a dare ɗaya suka faru, kuma su ne suka fi daɗin kallo. Daga kashi na shida labarin ya tsallaka zuwa 1989, fatalwowi suka yi yawa, wanda aka kashe yanzu ya tashi anjima, har mutuwar ta daina girgiza mai kallo. Shawarata: sauke kashi biyu kawai. Idan ka ji zuciyarka na ɗauka, ka ƙara. Kuma a fuskar waya ba ka buƙatar hoto mafi inganci, matsakaici ya ishe ka, zai rage maka cin data sosai.

Tambaya: Ɗana shekararsa 14. Ya roƙe ni kuɗi zai je wajen masu tura finafinai a sa masa wannan shirin a waya, wai duk 'yan ajinsu sun gani. Ni ban san abin da ke ciki ba. In ba shi? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi. Na faɗa miki kai tsaye domin na kalli shirin daga farko har ƙarshe.

Su kansu Amurkawan da suka shirya shi sun sa masa alamar TV-MA, wato na manya ne kawai, bai dace da wanda bai kai shekara 17 ba. Ba a ɓoye kisan a cikinsa, kyamara kan tsaya a kan wuƙa da jini da gaɓoɓin da aka sare. Akwai shaye-shaye, da batsa a baki da a aikace, da fagagen da ake kiran Shaiɗan ana neman taimakonsa. Yaro mai shekara 14 zai iya kallon wannan da rana yana dariya gaban abokai, amma ke ce za ki ji shi da daddare ya ƙi kashe fitila, ko ya kasa fita tsakar gida shi kaɗai. Wani yaron ma ba zai nuna tsoro ba, idonsa ne zai saba da ganin ana yanka mutum, kuma wannan ya fi damuna.

Sai dai hani kawai ba ya isa, tunda wayar abokinsa na nan. Ki zaunar da shi ki gaya masa abin da na gaya miki, ki nuna masa cewa kin bincika kafin ki hana. Yara na girmama hanin da aka ba su dalilinsa. Idan abin da yake so shi ne labari mai sa faɗuwar gaba, ki ba shi kuɗin amma ki sa yayansa ko kawunsa ya raka shi shagon, su zaɓi wanda alamarsa ta dace da shekarunsa. Mai shagon turi kuɗinsa yake nema, ba kowanne ne zai tambayi shekarun yaro ba. Ki kuma kula da katin ajiya da ake sawa a talabijin ɗin falo, domin ta nan ƙannensa ke cin karo da abin da ba a saya dominsu ba.

Tambaya: Mun yi gardama da matata. Ta ce labarin gaskiya ne, ni na ce ƙirƙira ce. Wa ya fi gaskiya, kuma ya dace mu kalla tare? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, kowannenku na da rabonsa na gaskiya. Sansanin Redwood da Mista Jingles da kisan 1970 duk ƙagaggu ne, Ryan Murphy da Brad Falchuk da marubutansu suka tsara su bisa salon finafinan yanka na shekarun 1980. Amma makashi na biyu a shirin, Richard Ramirez, mutum ne da ya rayu da gaske.

An haife shi a El Paso ta jihar Texas a 1960. Tsakanin 1984 da 1985 ya riƙa shiga gidajen mutane da daddare a yankin Los Angeles da San Francisco, ta taga ko ƙofar da aka bari a buɗe saboda zafi, yana kisa da fyaɗe da sata. Cikin waɗanda ya kashe har da tsohuwa mai shekara 79, a kan gadonta. A ƙarshen Agustan 1985, bayan jaridu sun buga hotonsa, mutanen wata unguwa a gabashin Los Angeles suka gane shi, suka bi shi da gudu, suka danne shi har 'yan sanda suka iso. A 1989 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 13, ta yanke masa hukuncin kisa. Ba a kai ga zartarwa ba, cutar daji ta kashe shi a 2013 yana da shekara 53.

A nan ne nake da babban ƙorafi a kan shirin. An mayar da wannan mutumin saurayi mai kwarjini, da baƙar riga da gashi har wuya, 'yan mata na rububinsa, Shaiɗan na tayar da shi duk sa'ad da aka kashe shi. Alhali 'ya'ya da jikokin waɗanda ya kashe suna raye lokacin da ake haska shirin, akwai kuma waɗanda suka tsira daga hannunsa da tabo a jiki. Na sha tsayar da kallon a fagagensa saboda raina ya ɓaci, ina tunanin yadda zan ji da uwata ce aka kashe, sannan aka mayar da makashinta abin sha'awa a talabijin.

Game da kallo tare, ku manya ne, zaɓin naku ne. Amma tambayi uwargida tukuna ko tana jure ganin jini, kada ka matsa mata don kawai ka riga ka biya kuɗi. Idan tana da juna biyu, ko barcinta ba ya nauyi, ko an taɓa shigo muku gida da dare, ku nemi wani shirin. In kuwa kun yanke shawarar kallo, ku bari yara su yi barci, ku rage sauti, ku kuma goge shi daga wayar da suke ɗauka suna wasa.